Abincin kare daban, na kyanwa daban: fashin baƙi ga masu kiwo a ƙauye

Duk gidan da ke da rumbu a yankinmu da wuya ka rasa kyanwa a cikinsa, haka ma ruga ko gidan mafarauci ko mai garken tumaki a bayan gari, da wuya ka rasa kare. Aiki suke yi mana, ba ado ba ne. Kyanwa ke tare ɓera daga gero da dawa, kare ke kwana a farke lokacin da mai gida ke barci, a wannan zamanin na satar dabbobi kuwa ba sai na faɗa wa kowa amfaninsa ba. Amma in ka tambayi me ake ba su, amsar kusan ɗaya ce daga Ɗambatta har Gumel: ƙanzo, gayan tuwon jiya, ruwan dusa, sai abin da yara suka rage a kwano. Ga kuma samarinmu da suka fara sayo karnukan waje da kyanwoyi masu yawan gashi daga birni, su ɗauko buhun abinci mai hoton kare a jiki daga Sabon Gari, suna ganin tunda da tsada aka saya ai shikenan an gama. Duka ɓangarorin biyu akwai gyara, kuma gyaran yana farawa ne daga sanin cewa kare da kyanwa ba cikinsu ɗaya ba.

Shi kare ya daɗe yana bin mutum, dubban shekaru yana cin ragowarmu, har jikinsa ya koyi narkar da hatsi. A 2013 wasu masu bincike a ƙasar Suwidin sun kwatanta ƙwayoyin halittar kare da na kyarkeci, ɗan uwansa na daji, suka tarar kare ya fi kyarkeci yawan abin da ke narkar da sitacin da ke cikin hatsi nesa ba kusa ba. Kenan tuwo ba guba ba ne ga kare, yana ci kuma yana amfana. Matsalar ita ce tuwo zalla. Tun shekarun 1920 likitoci a Amurka suka lura karnukan da ake ciyarwa da masara kusan ita kaɗai suna kamuwa da wani ciwo, baki ya yi gyambo, harshe ya yi baƙi, miyau na dalala, sai a 1937 aka tabbatar rashin wani bitamin ne da ake kira niyasin, wanda ke da yawa a hanta da nama, amma na cikin masara a ɗaure yake jiki ba ya iya cirewa. To kai da kake dama wa karenka dusar masara safe da yamma ka ga inda zancen ya shafe ka. Ita dusa ɗin ma tana da wani abin, tana riƙe sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi da na zinki a hanji ta hana jiki sha, shi ya sa karen dusa za ka ga gashi ya bushe yana kaɗewa, fata ta yi kaushi, a ce ƙazuwa ce alhali wani lokaci yunwa ce tsagwaronta.

Kyanwa kuwa maganarta ta fi tsanani. Allah ya halicce ta mai cin nama ce, ba zaɓi ba ne gare ta. Akwai wani sinadari da ake kira tawurin, kare yana iya haɗa nasa a jikinsa, ita kyanwa abin da take haɗawa bai kai ya ishe ta ba, dole ta samu daga nama, kuma babu shi a gero, babu a dawa, babu a wake. In ta rasa shi ba rana ɗaya abin ke nunawa ba, a hankali ido ke mutuwa har ta makance, zuciya ta saki ta kumbura. A 1987 ne likitocin dabbobi a jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa ciwon zuciyar da ke ta kashe kyanwoyi a can rashin tawurin ne a cikin abincin kanti, daga nan kamfanoni suka ƙara shi ciwon ya ragu sosai. Haka bitamin A, mu da kare muna iya ciro shi daga karas ko manja ko kabewa, kyanwa ba ta iyawa, sai wanda ke cikin hanta da ƙwai. Ko zaƙi ma harshenta ba ya ji. Saboda haka mai zuba wa kyanwa abincin kare don ya fi araha, ko mai jiƙa mata burodi a shayi, ya san cikinta kawai ya cika. Kyanwar ƙauye da muke gani lafiya lau da tuwo, ɓera da ƙadangare da fara da take kamawa ne ke rufa mata asiri. Ranar da ka kulle ta a ɗaki ko shago ka hana ta fita, nauyin duk wannan ya dawo wuyanka, kuma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba.

Abin da ke min daɗi shi ne mu nan ba mu rasa abin ba su ba, mun ma fi na birni samu. Mahauci na nan a kowace kasuwa, ranar Juma'a a Wudil ko ranar Alhamis a Maigatari ana yanka, akwai huhu, saifa, tumbi, zuciya, maƙogwaro, guntattakin da ba mai saye da daraja. Masu gyaran kaji suna zubar da kai da hanji. Mutanen Haɗeja da na bakin Tiga ga ƙananan kifi da garin banda da ke taruwa a gindin kwando. Ga ƙwan da ya fashe, ga tsala. In kare ya samu kamar kashi ɗaya cikin uku na kaskonsa daga irin waɗannan, sauran tuwo ko shinkafa ko dankali da ɗan kabewa dafaffe, da ɗan mai kaɗan, wallahi ya fi ƙarfin karen da ake ba buhun da ya shekara a shago. Wake da awara suna taimakawa in an dafa sosai, amma ba sa maye gurbin nama gaba ɗaya. Ita kyanwa a juya lissafin, nama ko kifi ne zai zama mafi yawa, tuwon ɗan taɓawa. Zuciya da ƙundu da cinyar kaza su ne masu tawurin da yawa, kuma yana fita cikin ruwan dahuwa, don haka kar a zubar da romon, a haɗa mata da shi. Hanta tana da kyau amma kaɗan-kaɗan, kamar sau ɗaya ko biyu a sati, don bitamin A in ya taru ya yi yawa yana sandarar da wuyan kyanwa da gaɓoɓinta. Madara kuma, duk da kyanwa na son ta, yawancin manyansu ba sa narkar da sukarin da ke cikinta sai zawo, nonon da ya yi tsami ya fi musu sauƙi.

Sai dai fa a dafa. Nan ne nake so masu tumaki da mahauta su tsaya su karanta da kyau, don wannan ya wuce maganar kare, ya shafi garke da yaran gida. Ka san in an yanka tunkiya ko saniya wani lokaci a ga ƙulli mai ruwa a huhu ko hanta, mahauci ya yanke wurin ya jefa wa karen da ke tsaye. Wannan ƙullin ƴaƴan tsutsa ne. Kare ya haɗiye, tsutsar ta girma a hanjinsa ba tare da ya nuna wata alama ba, ya yi kashi a makiyaya ko bayan gida da ƙwanta a ciki, tumaki su ci da ciyawa, ƙullin ya sake fitowa a jikinsu. Mutum ma yana ɗauka ta hannu ko abinci, ƙullin ya girma a hantarsa shekara da shekaru, ƙarshe sai tiyata. Akwai ƴar uwarta da ke zama a ƙwaƙwalwar tunkiya, ka ga dabba tana zagaye wuri ɗaya kai a karkace, in ta mutu a jefa wa kare kan, a sake sabon zagaye. Tafasa ɗaya mai kyau ta yanke duk wannan. Abin da aka ga ƙulli a jiki kuwa a binne shi da zurfi ko a ƙona. Mushe ma haka, dabbar da ta faɗi farat ɗaya ba a san dalili ba, musamman in jini na fita ta hanci ko dubura, kar kare ya kusance ta, kar ma a feɗe ta. Ɗanyen kifi kullum shi ma yana da illa, wasu kifayen na ɗauke da abin da ke lalata bitamin B1, kyanwa ta fara tangaɗi da farfaɗiya, wuta ce ke kashe shi.

Ƙashi kuma akasin haka ne. Ƙashin kaza ko na zabo da aka dafa ko aka gasa yana tsagewa da tsini, ya maƙale a wuya ko ya huda hanji, ƙayar kifi babba ma haka. Amma kuma jiki na bukatar abin da ke cikin ƙashin. Nama zalla sinadarin fosfaras ya cika shi, kalsiyam kaɗan ne ƙwarai, to kwikwiyon da mai shi ke ji da shi yana ba shi tsoka kullum sai ka ga ƙafafu sun lanƙwashe, yana ɗingishi, ƙashi ya karye a ɗan tsalle, saboda jiki ya koma yana zarar kalsiyam daga ƙashinsa. Maganin yana wurin mai shayi. Karɓi ɓawon ƙwai, a tafasa, a shanya, a daka ya yi laushi lilis, rabin ƙaramin cokali ya isa rabin kilo na nama. Ƙananan kifin da ake dakawa da ƙashinsu su ma sun wadatar.

Yanzu miyarmu. Babu miyar da ba albasa, ga tafarnuwa a yaji, ga magi da gishiri da attaruhu. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, kyanwa ta fi saurin kamuwa, kuma dahuwa ko busarwa ba ta kashe abin. Ba ina cewa lasar kwano sau ɗaya zai kashe su ba, a'a, taruwa yake yi, sai bayan kwanaki ka ga dabba ta yi laushi, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja kamar an zuba jini. Abu mai sauƙi, uwar gida ta cire nasu kafin ta zuba kayan miya. Goro da cakulan da kofi duk suna da abin da ke sa zuciyarsu bugu ba ƙaƙƙautawa, inabi da zabibi suna iya kashe ƙodar kare. Ranar layya a yi hattara da kitse, karen da bai saba ba ya cika ciki da shi rana ɗaya yana iya kwanciya da amai da ciwon ciki mai tsanani, gara a dafa kayan cikin a shanya a riƙa tsakura masa har wata guda. Sannan don Allah kar wanda ya ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Wanda ya sa maganin ɓera a rumbu ya tuna ɓeran da ya ci guba tafiyarsa a hankali take, shi kyanwa za ta fara kamawa.

Akwai wata ɗabi'a da kusan kowa ke yi ba da mugun nufi ba, hatsin da ya yi fumfuna ko gyaɗar da ta ruɓe ko ƙuli-ƙulin da ya sha danshi, sai a ce kar a yi asara a ba dabbobi. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna afulatoksin, hanta take ci, kuma kare na cikin dabbobin da ba sa jure ta. An fara gane ta ne a 1960 a Ingila, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu bayan cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil. Tafasa ba ta kashe ta, kuma ba kullum ido ke ganinta ba. Kar ka ce abincin buhu ya tsira, daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 karnuka fiye da 100 suka mutu a Amurka saboda masarar da aka yi wani abincin kanti da ita. Alamarta kare ya ƙi abinci, amai, ido da dasashi su yi ɗorawa irin na ciwon shawara. Ƙa'idar kawai, hatsin da ba za ka tuƙa wa ƴaƴanka ba kar ya shiga kaskon kare.

To mu zo kan buhu da gwangwani, ga wanda ke da hali ko yake kiwon irin na waje. Hoton gaba talla ne, juya baya ka karanta ƙananan rubutun, in ba ka jin Turanci ka samu ɗan makaranta ya duba maka. Fara neman kalmar "complete", ma'ana an haɗa shi ne ya wadatar shi kaɗai. In ka ga "complementary" to na marmari ne, ba a rayuwa a kansa. Duba ko na kare ne ko na kyanwa, na ƙanana ne ko na manya. Jerin kayan haɗi ana rubuta shi ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, don haka abu uku na farko su ne abincin. In ka ga masara, dusar alkama, shinkafa, sannan can ƙasa aka ambaci kaza, to dusa ka saya da kuɗin nama. Akwai dabara ma a nan, ɗanyen nama kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, ana auna shi da ruwansa ya hau layin farko, bayan an busar ya koma ɗan kaɗan, shi ya sa garin nama ko garin kifi da aka faɗi sunan dabbar a fili ba abin raini ba ne. Wata dabarar, a raba masara gida uku da suna daban-daban don kowanne ya sauko ƙasa da nama.

Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, mai tsara ma'aunin abincin dabbobi da kamfanoni da yawa ke bi, ta sa mafi ƙarancin furotin, wato sinadarin gina jiki, ga babban kare kashi 18 cikin 100, kwikwiyo da karya mai shayarwa 22.5, babbar kyanwa 26, ƴaƴanta 30, duk bayan an cire ruwa. Wannan cire ruwan yana rikita mutane. Gwangwani zai ce furotin 8, buhu ya ce 24, ka ɗauka buhu ya ninka shi uku. Amma gwangwanin in ruwansa 80 ne, saura 20, takwas cikin ashirin kuwa kashi 40 kenan, shi kuma buhun mai ruwa 10 bai wuce 27 ba. Kuma lambar ita kanta ba ta faɗin gaskiya duka, don a ɗakin gwaji ba furotin ake aunawa kai tsaye ba, naitirojin ake aunawa a ninka, wato irin sinadarin da ke cikin takin yuriya da muke zuba wa masara. Gashin kaza da kofato suna ɗaga lambar alhali ciki ba ya narkar da su sosai. A 2007 wasu masu sayar da kayan haɗi a Sin suka zuba melamin, sinadarin yin roba mai yawan naitirojin, don gwaji ya nuna furotin ya yi yawa, ƙodar karnuka da kyanwoyi masu yawa ta lalace a Amurka da Kanada, aka janye abinci iri-iri daga kasuwa. Shekara ɗaya bayan nan irin wannan ha'incin ya faɗa kan madarar jarirai a can Sin ɗin. Don haka nemi lambar NAFDAC, sunan kamfani da adireshinsa, da ranar lalacewa wadda ba a kankare ba.

Ni abin da ya fi damuna da buhu a ƙasarmu ma zafi ne. Ana fesa wa ƙwayoyin abincin kitse a waje don ƙamshi, buhu ya taso daga Legas a bayan mota, ya zauna a shagon kwano cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, kitsen ya lalace, bitamin ya mutu tun ranar da aka rubuta ba ta zo ba. Masu buɗe buhu suna aunawa a kwano ko su ƙulla a leda kuwa, ba ka san ranar da aka buɗe ba, ba ka san ma ko na kare aka ba ka a matsayin na kyanwa ba. Araha ba ta ado. Sansana kafin ka biya, in ka ji warin tsohon mai, ko ka ga gari ya taru a ƙasa, ko ƙwari, ko danshi, bar masa kayansa. Sayi wanda zai ƙare cikin wata ɗaya zuwa sati shida, a bar shi cikin buhunsa a ɗaure baki, a sa a bokiti mai murfi a inuwa, ba a ƙasa ba. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a jefar, wanda aka buɗe kuma inda ba firji a cinye shi a take. Kyanwar da ke cin busasshen abinci dole ruwa ya kasance kusa da ita kullum, ba ta da yawan shan ruwa a ɗabi'arta, muzuru musamman fitsari na iya toshe masa, in ka ga yana ta tsugunne yana kuka ba abin da ke fita, ranar za a kai shi asibitin dabbobi ba gobe ba. Kare mai kilo 15 yana shan kusan lita ɗaya a rana, da bazara fiye da haka.

Masu cewa a bar kyanwa da yunwa ta fi kama ɓera, ko a bar kare da yunwa ya fi zafi, ban yarda da su ba sam. Farauta a jinin kyanwa take, ƙosasshiya ma tana kamawa, mai yunwa ce ke barin gidanka ta koma inda ake soya kifi, ko ta faɗa wa ƴan tsakin maƙwabta. Karen da ke jin yunwa kuwa ɓarawo da guntun nama ya gama da shi. Ƴan farauta su ma, ba a fafe gora ranar tafiya, karen da zai wuni yana gudu a daji da rani kitse da nama yake bukata tun makonni kafin a fita, kuma ba a cika masa ciki dab da gudu, a bari sai an dawo ya huce. Karya mai shayarwa tana cin ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba. Kwikwiyo yana fara lasar abinci a sati uku zuwa huɗu, a ba shi sau uku ko huɗu a rana, babba sau biyu ya isa. In za a sauya abinci a yi ta gauraya sabo da tsoho har sati guda, in ba haka ba zawo.

Daga ƙarshe jikin dabbar ne zai faɗa maka ko abincin na da kyau, ba mai shago ba. Shafa haƙarƙarinsa, ya kamata hannu ya ji su amma ido kar ya ƙirga su daga nesa. Gashi ya kwanta yana sheƙi, ido garau, kashi a dunƙule ba mai yawa ba, don tulin kashi alama ce abincin wucewa kawai yake yi. Ba wa sabon abinci kamar wata biyu kafin ka yanke hukunci a kan gashi. In kana ciyarwa da kyau amma ba ya kumari, ciki ya yi tulu, to tsutsa ce ke cinyewa, je ofishin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa, a maimaita duk wata uku, in ka je ka haɗa da allurar haukan kare ta shekara. Kyanwar da ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba kuwa, musamman mai ƙiba, kar a tsaya jiran ta gaji ta ci, kitse ne ke taruwa ya toshe mata hanta, a kai ta a duba.